Darasin Kimiyya: Ledar Da Ke Canza Launi In Ta Ji Zafi

Jama'a, akwai wani ma'aunin zafin jiki da ake yi da 'yar baƙar leda. Tsawonta kamar ɗan yatsa ne, da lambobi a jikinta. In an ɗora ta a goshin yaro, sai wata lamba ta yi kore. To, daga ina koren ya fito?

Babu rini a cikinta. Abin da ke ciki wani sinadari ne da za mu kira ruwan ƙarau. Yana gudu kamar ruwa, amma ƙwayoyinsa a jere suke cikin tsari. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, mai suna Rainiza, shi ya gano shi a shekarar 1888.

Ƙwayoyin nan a murɗe suke, kamar igiyar da aka tufka. Hasken rana kuwa yana ɗauke da dukan launukan bakan gizo. In haske ya faɗa kan ledar, murɗin yakan maido da launi ɗaya zuwa idonmu. Sauran su wuce, baƙin da ke baya ya shanye su. In murɗin ya yi sako-sako, sai a ga ja. In zafi ya ƙaru ya tsuke, sai kore, daga nan sai shuɗi. Ana kulle sinadarin cikin roba don kada ya zube ko ya watse.

Ana amfani da irin wannan leda wajen auna zafin ɗaki. Ana kuma yin allon rubutu na yara da ita, wanda ake gogewa da danna maɓalli.

Ga yadda ake awo. A share gumin goshi. A danna ledar har a ƙirga 15. A karanta lambar da ta yi kore tun ledar tana goshi. Zafin mai lafiya kusan 37 ne. Daga 38 zuwa sama zazzaɓi ne.

Amma a kula. Fata kawai ledar ke aunawa, kuma iska ko rana na iya ruɗa ta. In yaro ya ƙi nono, ko yana amai, ko yana suma, a garzaya da shi asibiti, ko da ledar ta nuna 37.

Tambayoyi:
1. Me ke kawo launi a ledar?
2. Daga lamba nawa zazzaɓi ke farawa?
3. Yaushe za a kai yaro asibiti?