Gonar Lissafi: Yadda Masana Ke Gwada Ƙasar Noma a Cikin Kwamfuta

Kowace shekara, da ruwan farko ya sauka, manomin ƙasar nan yakan tsaya tsakanin shawara biyu. In ya yi shuka nan da nan, mai yiwuwa ruwa ya ɗauke har mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone, iri ya tafi a banza. In kuwa ya jinkirta, mai yiwuwa damina ta janye tun masara ba ta gama goyo ba. Haka nan batun takin zamani: buhu nawa za a zuba, kuma yaushe? A da, hanya ɗaya tak masana ke da ita ta amsa irin waɗannan tambayoyi, watau su keɓe fili su gwada, su jira kaka. Gwaji ɗaya kuwa damina guda yake ci, kuma daminar bana ba ita ce ta baɗi ba. Wannan ne ya sa aka ƙago abin da za mu kira gonar lissafi.

Gonar lissafi jerin ƙa'idojin lissafi ne da aka rubuta cikin manhajar kwamfuta, waɗanda ke kwaikwayon abin da ke gudana a gona kullum, musamman a ƙarƙashin ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Daga cikin waɗanda suka shahara akwai DSSAT, wadda ta samo asali daga wani shirin bincike da Jami'ar Hawai ta Amurka ta jagoranta tun daga 1982, da kuma APSIM wadda aka tsara a Ostareliya a shekarun 1990. A nan gida, masanan Jami'ar Bayero ta Kano tare da na cibiyar binciken aikin gona ta IITA mai hedkwata a Ibadan sun yi aiki da irin waɗannan manhajoji wajen nazarin lokacin shukar masara a Arewacin Nijeriya.

To, yaya abin yake aiki? Da fari sai a haƙa rami a gona, zurfin mita ɗaya ko fiye, a ɗebi ƙasa hawa hawa a kai ɗakin gwaji. A can za a auna yawan yashi da laka da ruɓaɓɓen ganye na kowane hawa. Na'ura takan ɗauki hawan nan kamar tukwane ne da aka ɗora wata bisa wata, kowace da huda a gindi. In ta sama ta cika, rarar sai ta tsiyaye cikin ta ƙasa. Sa'an nan a ba ta lissafin yanayi na kowace rana: ruwan sama, da matuƙar zafi, da matuƙar sanyi, da ƙarfin hasken rana. Da waɗannan take ƙididdige abin da ya shiga ƙasa, da wanda ya gangare a sama, da wanda rana ta shanye, da wanda saiwa ta zuƙa.

Ga misali don mai karatu ya ga sauƙin lissafin. Milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita 10,000 a hekta guda. A ce gonar jigawa ce wadda, iyakar inda saiwa ta kai, ba ta iya riƙe wa shuka fiye da milimita 60. Masarar da ta girma tana iya shan milimita 5 a rana mai zafi. Ke nan in ruwa ya ɗauke, cikin kwana 12 tukunya ta ƙare, kuma tun wajen rabin wannan lokaci ganye zai fara nannaɗewa. Gonar da ke da laka gwargwado tana iya riƙe ninkin haka. Manomi ya daɗe da sanin bambancin jigawa da fadama. Abin da na'ura ta ƙara shi ne adadin kwanaki.

Batun taki ya fi wannan jawo hankali, domin nan kuɗi ke zurarewa. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin. In ya shiga ƙasa mai danshi, yakan rikiɗe ya zama wani nau'i wanda ba ya manne wa ƙasa, sai ya bi ruwa duk inda ya nufa. A gonar rairayi, ruwan watan Agusta na iya sauke shi ƙasa da saiwa tun shuka ba ta amfana ba. A gonar lissafi ana iya zuba takin gaba ɗaya, a sake zuba shi kashi biyu, a sauya ranar shuka, a maimaita duka bisa yanayin shekaru masu yawa da suka wuce, har da shekarun fari irin su 1973 da 1984. Aikin da zai cinye rayuwar mai bincike a fili, na'ura sai ta gama shi cikin 'yan mintoci.

Amma lalle ne jama'a su fahimci cewa wannan ba duba ba ne. Na'ura ba ta san ranar da ruwa zai sauka bana ba. Abin da take iya faɗa shi ne, cikin shekaru kaza da aka gwada, shuka a mako kaza ta lalace sau kaza. Har wa yau, galibin manhajojin nan ba su san da wuta-wuta ko gara ko tsutsa ba, sai in an shaida musu. Kuma tilas a daidaita lissafinsu da sakamakon gona ta zahiri kafin a amince da su. Manhajar RothC, mai bin diddigin ruɓaɓɓen ganye a ƙasa, an gina ta ne bisa gonakin gwaji na Rothamsted a Ingila, inda ake gwaji tun 1843. Mu ma muna da irin wannan gado a Samaru ta Zariya, inda aka fara gwajin kashin shanu da takin zamani na dogon lokaci a 1950. Lissafin da aka daidaita da ƙasar Turai kawai, in aka ɗora shi kan jigawar Daura ko jangargarin Kudancin Kaduna, zai ba da amsa cikin sauri, amma amsar banza.

Nan ne aikin ya dawo hannun manomi. Sau da yawa in aka ga baƙi suna haƙa rami a gona suna zuba ƙasa a leda, sai raɗe-raɗi su tashi, wai za a karɓe fili ne, ko ana neman ma'adinai. Mai gona yana da ikon tambayar ko su wane ne da inda suka fito, kuma ya kamata su biyo ta hannun mai unguwa ko dagaci da malamin gona na yankin. In an tabbatar da su, sai a bari su ɗebi ƙasar, a kuma faɗa musu gaskiyar abin da suka tambaya: ranar shuka, da irin da aka shuka, da takin da aka zuba na gida da na zamani, da abin da aka noma a wurin bara, da yawan buhunan da aka samu. Wanda ya girbe buhu 15 ya ce 8, don tsoron haraji ko sa ran tallafi, ya sa an rubuta gonarsa cikin marasa ƙarfi, kuma shawarar takin da za a fitar wa yankinsa daga wannan adadi za ta taso. Wanda ke da ɗa ɗan makaranta, ya sa shi ya riƙa rubuta ranakun nan a littafi tun daga ruwan farko.