Mudun Ashley Gearhardt

'Ya'yana, na ji wasunku suna ƙorafi wai bincike ba ya fito da sunan mutum sai ya yi furfura, ko kuwa sai ya tsaya a bainar jama'a ya ƙaryata wani babban farfesa. Ku matso in ba ku labarin wata baiwar Allah.

Ashley Gearhardt tana ɗaliba a Jami'ar Yale ta Amurka, tana neman digirin digirgir a fannin halayyar ɗan Adam, ta tarar da wata gardama da ta girme ta. Mutane sun daɗe suna kukan cewa wani abinci yana kama su yadda taba ke kama mashayi. Masana suka rabu biyu: wasu suka ce jaraba ce ta gaske, wasu suka ce kwaɗayi ne aka sa wa rigar cuta. Alamu kam akwai su. A 2001 Nora Volkow da abokan aikinta sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu matsananciyar ƙiba, suka ga ƙarancin wuraren karɓar sinadarin dofamin, irin wanda ake gani wurin masu shaye-shaye. A Jami'ar Princeton kuma, ɓerayen da Bart Hoebel ya saba wa ruwan sukari sun riƙa karkarwa da firgita in an yanke musu. To amma ɓera ɓera ne. Babu mai hanyar da zai nuna mutum ya ce wannan jaraba ke damunsa, wancan kuwa cin abinci ne kawai ke masa daɗi.

Kun san kasuwar hatsi. In babu mudu, mai saye da mai sayarwa sai su wuni suna musu, kowa na rantsuwa, buhu na nan a ɗaure. Abin da yarinyar nan ta hango ke nan, sai ta bar musun ta zauna sassaƙa mudu.

Malamanta biyu ne, kuma ku lura da wannan: William Corbin masanin shan barasa, Kelly Brownell masanin ƙiba. Ta ɗauko alamomi 7 da kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke gane jarabar ƙwaya da su, ta mayar da su tambayoyi 25 kan yadda mutum ya ci abinci cikin wata 12 da suka wuce. Yakan ci fiye da yadda ya yi niyya? Ya sha ɗaura aniyar ragewa abin ya gagara? Yana ci gaba alhali ya san yana cutar da shi? Ba a kuma yanke hukunci sai alamomi 3 sun taru, kuma abin yana sa shi ƙunci ko yana hana shi harkokinsa. A 2009 aka buga ma'aunin a mujallar Appetite.

Daga nan duk mai son magana kan wannan batu, ko yana goyon baya ko yana suka, sai ya ɗauki mudun nan ya auna tukuna. An fassara shi zuwa Jamusanci, Faransanci, Larabci, Turkanci da wasu harsuna. Da kundin likitoci ya canja a 2013, alamomin suka koma 11, ba ta ce nata ba ya taɓuwa ba. Ta sake sassaƙa shi a 2016 da tambayoyi 35. A 2015, ita da Erica Schulte da Nicole Avena sun nuna cewa abincin da ya fi kama mutane shi ne wanda aka haɗa maiƙo da sukari ko tataccen gari, irin su cakulan, askirim, fiza da soyayyen dankali. Zuwa 2023, tana farfesa a Jami'ar Mishigan, an tattara bincike 281 daga ƙasashe 36 da aka yi da ma'auninta, aka samu kusan kashi 14 cikin ɗari na manya da kashi 12 na yara sun cika sharuɗɗan.

Kada ku ɗauka an gama shari'ar. Hisham Ziauddeen da Paul Fletcher na Jami'ar Kambirij sun ce hujjar ƙwaƙwalwar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Johannes Hebebrand a Jamus ya ce in ma jaraba ce, ta ɗabi'ar cin ce, ba ta wani sinadari a cikin abincin ba. Har yau kundin bai karɓi jarabar abinci a matsayin cuta ba. Sukar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta masu jinyar bulimiya, cutar nan ta cin abinci ba ƙaƙƙautawa sannan a tilasta wa kai amai, wadda Gerald Russell ya raɗa wa suna a Landan a 1979 bayan nazarin majinyata 30. Masu ita kan cika mudun Gearhardt har ya yi toroƙo. Ga kuma tarkon: mashayin giya ana ce masa ya ƙaurace mata ɗungurungum, amma mai bulimiya ƙaurace wa abincin shi ne ke ingiza ta ga haɗamar gobe. A ganina wannan magana tana da nauyi, kuma wanda zai yi jinya ya riƙe ta da hannu biyu.

Na san cikinku akwai mai shirin fassara tambayoyin nan zuwa Hausa don aikin digirinsa. Madalla, sai dai ya yi a hankali. Kalmar jaraba a bakinmu zagi ce. Ka tambayi matar aure ko tana da jarabar abinci, kunya kaɗai ta isa ta sa ta ce a'a. Wanda ya saba kwana da yunwa, ranar da ya samu ya ci har ya kasa tashi, shi ma zai amsa wasu tambayoyin da e, alhali talauci ne ya yi magana. Haka wanda aka tambaya ana tsakiyar azumi. Kafin ka buga takarda ɗari biyar, ɗana, je ka layin asibiti, ka nemi izini, ka karanta wa mutum goma tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ka ce kowa ya faɗa maka da bakinsa abin da ya fahimta. Rubuta amsarsu yadda suka faɗe ta, ka kawo mini mu duba tare in Allah ya kai mu.