Tsargiya da Wankan Kududdufi

Idan damina ta yi nisa, kududdufai da tafkuna suka cika, babu abin da yaran gari su ke so kamar iyo. Daga hantsi har la'asar suna ciki. A nan ne mafi yawansu su ke ɗaukar tsargiya, watau cutar nan mai sa fitsarin jini. A ƙauyuka da yawa ta zama ruwan dare, har waɗansu suna cewa alamar balaga ce ga ɗa namiji. Wannan kuskure ne, kuma shi ne abu na farko da ya kamata hakimi ya kawar daga zukatan talakawansa.

Wata tsutsa ce ke kawo ta. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganinta a Alƙahira a 1851, amma sai a 1915 wani masani daga Birtaniya, Robert Leiper, ya bayyana hanyar da ta ke bi. Idan mai tsargiya ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwayayen tsutsar su kan fita tare da fitsarin, su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan sai su nemi wani ƙaramin dodon koɗi da ke maƙale jikin ciyawa da bado, su shiga jikinsa su yi ta hayayyafa. Bayan kamar wata guda sai su riƙa fitowa cikin ruwa da yawa, ƙanana ƙwarai, da ƙyar ido ke iya ganinsu. Ba sai an sha ruwan ba. Fatar mutum su ke hudawa, ko da babu rauni, cikin 'yan mintoci kaɗan. Sun fi fitowa kuwa da tsakar rana, daidai lokacin da yara suka fi cika tafki.

Daga fata sai su bi jini, su girma, su zauna cikin jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara. Bayan wata biyu ko uku macen ta fara zuba ƙwai, ƙwan nan ne ke keta bangon mafitsara, shi ya sa a ke ganin jini a ƙarshen fitsari. Tsutsar tana iya yin shekaru a jiki. Yaro sai ya rame, jininsa ya ragu, karatu ya gagare shi. In an bar ta har girma, tana iya toshe hanyar fitsari, ta lalata ƙoda, ko ta jawo ciwon daji a mafitsara. Ga mata kuma ta kan taɓa mahaifa, har ta hana haihuwa. Akwai wani irinta da ke fita ta bayan gida, mai ɓata hanji da hanta.

Ba yara kaɗai ta ke kamawa ba. Masunta da masu wanki da manoman rani duk suna cikin hatsari. Madatsun ruwa irin na Tiga, da aka gama a 1974, da na Bakolori na 1978, sun kawo albarkar noma, amma magudanansu masu ruwa mai tafiya a hankali rani da damina mazauni ne mai kyau ga dodon koɗi. Kada kuma hasken ruwa ya ruɗi kowa. Ruwa garau yana iya ɗauke da ita.

Maganinta ƙwaya ce da a ke kira praziquantel. A rana ɗaya a ke shanta, bayan an ci abinci, kuma a kan auna tsawon yaro da sanda don a san yawan da za a ba shi. A kan raba ta kyauta a makarantu. Amma fa tana kashe tsutsar da ke jiki ne kawai, ba ta hana sabuwa shiga. Har wa yau, almajirai da 'ya'yan makiyaya da waɗanda ba a sa makaranta ba, su rabon ya fi tsallakewa, alhali kuwa su suka fi daɗewa cikin ruwa. A nan aikin malamin hakimi ya ke. Ya kamata ya rubuta kududdufai da tafkunan da ke ƙasar kowane dagaci, da yawan yaran da ke fitsarin jini, da makarantun allo da rugage, a aika wa ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma kafin ranar rabo.

Hana yara wanka da bulala ba ya ɗorewa in babu wani ruwan. Sai a gyara rijiyoyi, a yi wurin wanka da wanki kusa da su, a gina salga, dagatai da limamai su riƙa jan kunne a daina fitsari da bayan gida a bakin ruwa. Kududdufin da ke tsakiyar gidaje, in ba shi da amfani, a cike shi. Inda ya zama dole a yi wanka da ruwan tafki, sai a ɗebo a tafasa, ko a ajiye shi cikin randa kwana biyu ba tare da dodon koɗi a ciki ba, domin 'ya'yan tsutsar ba su wuce haka da rai. Wannan ajiyewa don wanka ce kawai. Ruwan sha lalle a tafasa shi, gama kwalara da zazzabin taifot ba su mutuwa don ruwa ya kwana.