Darasi: Mutane Suna Ƙaruwa, Fili Ba Ya Ƙaruwa

'Yan'uwa, darasinmu na wannan fitowa a kan wurin kwana ne. Muna roƙo a karanta shi a ƙungiya, a kuma amsa tambayoyin da ke ƙarshe tare.

Abin da ƙidaya ta nuna

A ƙidayar 1991 an samu mutum miliyan 88.9 a Nijeriya. A ta 2006 adadin ya kai miliyan 140.4. Wato cikin shekara 15 kawai mun ƙaru da mutum fiye da miliyan 51. An ɗage ƙidayar da aka shirya yi a 2023, amma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar mun haura miliyan 220.

Wannan ƙaruwa ba daidai take ba a ko'ina. Jama'ar wuri tana ƙaruwa ta hanya biyu: haihuwa, da zuwan baƙi masu neman aiki ko masu gudun rikici. Inda biyun suka haɗu, abin yakan zo da sauri.

Misali daga Abuja

Gwamnatin tarayya ta bar Legas ta koma Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991. A shekarar, mutanen Yankin Babban Birnin Tarayya ba su kai 400,000 ba. Zuwa 2006 sun kai miliyan 1.4. Ma'aikata da leburori da suka kasa biyan haya a cikin birni sai suka nemi wuri a gefe, kamar Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, da Suleja a Jihar Neja. Gonakin da Gbagyi da maƙwabtansu suke nomawa suka zama fulotai da gidajen haya.

Abin lura shi ne, duk ƙauyen da ke bakin babbar hanya ko kusa da gari mai girma yana iya ganin irin wannan. Masu saye za su zo da kuɗi a hannu. Kuɗin fili yakan ƙare, amma 'ya'yanmu suna nan suna girma. Wanda ya sayar da komai, wata rana ɗansa zai kama haya a kan gonar kakansa.

Mu ƙidaya gidanmu

A ce magidanci yana da mata da 'ya'ya shida a ɗakuna uku. Yau suna iya zama. Nan da shekara goma, maza biyu sun isa aure, 'yan mata suna bukatar ɗakinsu, ga kuma tsohuwa da za ta dawo hannunsa. Ɗakuna uku ba za su ɗauke su ba.

Cunkoso yana taɓa lafiya. Ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne, idan masu kwana a ɗaki ɗaya sun wuce uku, ɗakin ya cunkushe. Tarin fuka, ƙyanda da sanƙarau suna saurin yaɗuwa a ɗakin da ba iska. Dattawanmu suna tuna annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, yawancinsu a arewa.

Me za mu yi?

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane.

1. Kowane gida ya rubuta sunayen mutanensa da shekarunsu, ya lissafa ɗakunan da zai bukata nan da shekara goma.

2. Kafin a sayar da ko taku ɗaya, iyali su zauna, har da mata da matasa, a ware filin gini da gonar ci. Kada a manta da gwauraye da marayu.

3. A nemi takarda. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar izinin riƙe fili a karkara. A sa shaidar iyaka a gaban mai unguwa da maƙwabta.

4. A yi gini kaɗan-kaɗan. Tubalin ƙasa yana daɗewa idan tushe dutse ne kuma kwano ya leƙo ya kare bango. Kowane ɗaki a yi masa taga biyu masu kallon juna. Adashi da aikin gayya suna rage nauyi.

5. Gari ya bar wurin hanya, makaranta, maƙabarta da magudanar ruwa. Salga ta yi nisa da rijiya kamar mita 30, ta kuma kasance a gangare. Kada a yi gini a fadama ko bakin rafi don fili ya yi arha.

Tambayoyin tattaunawa

a. Gidaje nawa ne a garinmu shekara ashirin da suka wuce, nawa ne yanzu?

b. Su wa suke sayen fili a wurinmu, kuma wa ake tambaya kafin a sayar?

c. Saurayin da zai yi aure bana, a ina zai kafa ɗakinsa?

Sakataren ƙungiya ya rubuta amsoshin, a kai su gaban dattawa da mai unguwa kafin lokacin gini na rani mai zuwa.