Amsar Tambaya: Cefane da Ƙafa a Bakin Tekun Zanzibar

Tambaya:  Ni da maigida da yara uku za mu je hutu Zanzibar, muna son kama gida a Nungwi, kuma ba mu da mota a can. Za mu iya samun abinci da cefane da ƙafa? Wata uwa daga Kano.

Amsa:  Kwantar da hankalinki. Nungwi ƙauyen masunta ne, mutanen tsibirin kuma galibinsu Musulmi ne, halal ba zai yi miki wuya ba.

Kafin ki biya kuɗin haya, ki sa mai gidan ya turo miki wurin a taswira don ki ga nisansa da kantuna, ki tambaye shi ko akwai murhun gas da firij. Minti goma a rana tsaka da yara ba ƙaramar tafiya ba ce.

Gidajen abincin da ke kan yashi na baƙi ne, akwai tsada, wasu ma suna sayar da giya. Ki shiga cikin ƙauyen, nan za ki ga ƙananan kantuna da masu sayar da shinkafar pilau, capati da mangwaro. Kifi kuwa da sassafe ake sayensa a hannun masunta. Ki duba idonsa ya yi garau. Ki riƙe shilin na Tanzaniya a hannu, ki yi lulluɓi, kada ki amince da farashin farko. Ruwan gora za ku sha.

Kanumfari da kirfa ki bari sai ranar da kuka shiga kasuwar Darajani a tsohon birnin Zanzibar, tafiyar mota ce. Yaji da kuka kam, ki ƙullo daga gida.