Darasi Na 14: Kyanwoyin Birnin Rum

A kowane babban gari akwai kyanwoyin da ba su da ubangiji. Suna kwana a kango, suna kiwo a juji da bayan kasuwa. Ba su yarda mutum ya taɓa su.

Kyanwa tana da saurin haihuwa. Tana iya ɗaukar ciki tun tana 'yar wata 4. Cikinta wata 2 ne da 'yan kwanaki. A shekara guda takan haihu sau 2 ko 3, kowace haihuwa kuwa 'ya'ya kamar 4. To, kun ga, in an ƙyale su ba da daɗewa ba sai su cika unguwa. Da dare muzurai su hana barci da kuka da faɗa. 'Ya'yan kuma da yawa su mutu da yunwa da cuta.

Waɗansu sukan ce a kashe su a huta. Amma wannan aikin baban giwa ne. Muddin akwai abinci a wurin, sai waɗansu kyanwoyi su zo daga wata unguwa su gaje shi. Guba kuwa ba ta zaɓe, tana iya kashe kaji da karnuka, har da yara.

Mutanen ƙasar Italiya sun bi wata hanya dabam. A shekarar 1991 suka kafa doka wadda ta hana cutar da kyanwoyin titi. Dokar ta ce a hana su haihuwa, sa'an nan a mayar da su cikin 'yan'uwansu. Ga yadda ake yi.

Da fari ana ɗana tarko mai kama da keji, a sa abinci ciki. Kyanwa ta shiga, ƙofa ta rufe, ba rauni.

Na biyu, a kai ta wurin likitan dabbobi. Ya yi mata allurar barci. In muzuru ne a fiɗiye shi, in mace ce a yi mata aiki a ciki yadda ba za ta ƙara haihuwa ba. Akan yanke ɗan bakin kunnenta guda don shaida, kada a sake kama ta.

Na uku, in ta farfaɗo a mayar da ita daidai inda aka kamo ta. Masu kula su riƙa ba ta abinci da ruwa.

Shin dabarar ta ci? A birnin Rum, daga 1991 zuwa 2000, an yi wa kyanwoyi kusan 8,000 wannan aiki. Da aka ƙidaya, sai aka tarar yawansu ya ragu, amma kaɗan kaɗan, kuma sai bayan shekara 3 ko fiye aka fara ganin ragin. Dalili kuwa shi ne, mutane ba su daina kawo kyanwoyin gidajensu suna yarwa a titi ba. Likita yana ragewa, su suna ƙarawa.

Watau tarko da wuƙar likita kaɗai ba su isa ba. Sai mai kyanwa a gida ya riƙe amanarta. In ba ya bukatar 'ya'ya, ya kai ta wurin likita tun da wuri. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Sau nawa kyanwa takan haihu a shekara?
2. Don me kisa ba ya ƙare kyanwoyin titi?
3. Mene ne amfanin yanke bakin kunne?
4. Me ya hana yawansu raguwa da sauri a birnin Rum?