DARASIN LAFIYA: ROBA KO NAUYIN JIKI, WANNE YA FI?

Jama'ar Wudil ba su san ƙyuya ba. Akwai manoma, da masunta, da masu haƙar yashi a kogi, da masu kora shanu zuwa kara ran Juma'a. Amma zama ya canja. Tela yana wuni a kan keke. Direba yana wuni a kujera. Injin niƙa ya karɓe daka daga hannun mata da yawa. Manomi ma, in an gama girbi, sau da yawa sai zama har damina.

Naman jikin da ba a sa shi aiki yakan ragu, balle in shekaru sun ja. Shi ya sa za ka ga dattijo ba ya iya tashi daga tabarma sai an kama shi. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa naman jiki aƙalla kwana 2 a mako, ban da tafiya da sauri ko irinta ta minti 150. Akwai hanya biyu na yin wannan a tsakar gida.

Hanya ta Farko: Nauyin Jikinka

Ba ka bukatar kwabo. Jikinka shi ne kayan aikinka.

1. Tsuguno da tashi. Tsaya a gaban kujera, ka sauka a hankali kamar za ka zauna, sa'an nan ka miƙe. Wannan na cinya ne da ƙugu.
2. Tura bango. Dafa bango da hannu biyu, ka kai ƙirji kusa da shi, ka tura kanka baya. In ka yi ƙarfi, koma dafa dakali, daga baya ƙasa.
3. Ɗaga ƙugu. Kwanta rigingine, ka tanƙwashe gwiwa, ka ɗaga ƙugu sama. Yana taimakon bayan mai yawan sunkuyo da fartanya.

Amfanin wannan hanya shi ne tana koya wa jiki aikin da yake yi kullum, wato tashi da zama da hawa. Amma tana da kasawa biyu. Nauyin jiki yakan fi ƙarfin tsoho ko wanda ya tashi daga ciwo. Kuma da wuya a sami aikin ja, wanda ke ƙarfafa kafaɗa da gadon baya, in babu abin kamawa.

Hanya ta Biyu: Roba

Akwai roba mai faɗi da ake yi musamman don wannan aiki, launi-launi bisa ga taurinta. In babu, robar cikin tayar keke, irin wadda ake ɗaure kaya da ita, za ta yi. Nemi mai kyau wajen mai faci, ka yanke bakin iskar.

Halin roba shi ne, yadda ka ja ta haka take ƙara tauri. Saboda haka kai ne mai auna nauyin. Kama ta da tsawo, aiki ya yi sauƙi. Rage tsawon ko ka ninka ta biyu, aiki ya yi nauyi.

1. Ɗaura ta a gindin itace ko ginshiƙin rumfa daidai ƙirji. Ja ta zuwa jikinka da hannu biyu, ka sake ta a hankali.
2. Taka tsakiyarta da ƙafa, ka jawo bakinta biyu zuwa kafaɗa.

Amma a kula! Rana da zafi suna cin roba. Duba ta kowane lokaci kafin ka fara. In ka ga tsagewa, yar da ita, gama in ta tsinke tana iya bugun ido. Ajiye ta a inuwa, nesa da yara.

To, Wanne Ya Fi?

Babu wadda ta isa ita kaɗai. Ga ƙafa da ƙirji, nauyin jiki ya wadatar. Ga baya da kafaɗa, da kuma marar ƙarfi, roba ta fi. Wanda ba shi da komai ya fara da jikinsa yau, kada ya jira roba. In ta samu, a haɗa su.

Yi kowane aiki sau 8 zuwa 12, ka huta, ka maimaita. Bar kwana ɗaya tsakani don jiki ya murmure. Da sassafe ko da yamma ya fi, ban da tsakar rana. Kada ka riƙe numfashi. Mai hawan jini, da mai gwaiwa, da mace mai ciki su fara tambayar ma'aikacin lafiya. In ka ji ciwon ƙirji ko jiri, tsaya nan da nan. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi don Tattaunawa

1. Wane aiki ne iyayenmu suka yi da hannu wanda inji ya karɓe yanzu?
2. Su wane ne a gidanku suka fi bukatar wannan darasi?
3. Waɗanne kwana 2 za ka zaɓa a wannan mako?